Rabin Makin na Bijimi Ne: Abin da Na Gani a Bayan Kejin Ƙarfe a Teksas

Ni ɗan mahauta ne, haifaffen birnin Zariya, kuma na san warin shanu da kiɗan kalangu tun kafin a kai ni makarantar allo. Da na samu tallafin karatu na tafi Amurka domin nazarin kimiyyar kiwon dabbobi, garin da rabo ya kai ni shi ne Stephenville a jihar Teksas, wani ƙaramin gari da mazaunansa suke yi wa kirari da babban birnin kaboyi na duniya. Sashenmu yakan tura ɗalibai gonaki domin koyon aiki a aikace, ni kuwa aka tura ni wurin wani dattijo da ba ya kiwon shanun nama ko na nono, sai bijiman tutsu kaɗai, waɗanda ake kaiwa gasar hawa. Na fara da sharar garke da rabon abinci, daga baya na koma ɗora bijimai a mota da sauke su, har maigidan ya yarda da hannuna ya bar ni ina ɗaura musu igiyar kwiɓi, wadda take sa su shuri sama, a ƙananan gasa. A wannan matsayi, tsaye a kan katakon da ke bayan keji, na ga abubuwan da mai kallo daga kujera ba ya gani, kuma su nake so in ba da shaida a kansu.

Dokar wasan gajera ce. Mahayi yana zama a bayan bijimin da nauyinsa kan kai kilo 700 zuwa 900, a cikin wani ƙuntataccen kejin ƙarfe, ya cusa hannu ɗaya a igiyar da aka zagaya ƙirjin dabbar, ya gyaɗa kai a buɗe ƙofa, sannan ya yi ƙoƙarin zama har daƙiƙa 8 ba tare da ɗaya hannun ya taɓa bijimin ko jikinsa ba. Idan ya faɗi ko ya taɓa kafin ƙararrawa, ba shi da maki ko ɗaya. Idan ya cika lokacin, ana auna hawan a kan maki 100, kuma 50 ne kawai nasa, sauran 50 ɗin na bijimi ne, gwargwadon tsallensa da shurinsa da juyinsa da wahalar da ya bayar. A manyan gasannin PBR, wato ƙungiyar ƙwararrun mahayan bijimi, alƙalai huɗu ne, kowanne yana ba mahayi har 25 ya ba bijimi har 25, a haɗa duka a raba biyu. Ko mahayi ya faɗi a tsallen farko, ana rubuta wa bijimin nasa makin, domin shi ma yana neman kambun shekara, kuma darajarsa da ta 'ya'yansa a kasuwa ta dogara ne da wannan lissafi.

Ban fahimci nauyin wannan rabo ba sai wani dare a wata ƙaramar gasa da ke yammacin Fort Worth. Ƙuri'a ta haɗa wani matashi, wanda bai daɗe da warkewa daga karayar kafaɗa ba, da wani baƙin bijimi namu mai juyawa hagu da zafin gaske. Kafin a fara, wani ɗan'uwan yaron ya ja ni gefe, ya roƙe ni cikin ladabi in sassauta igiyar kwiɓi kaɗan, domin yaron ya samu ya cika lokacinsa ya dawo da ƙarfin zuciyarsa. Bai yi mini tayin kuɗi ba, tausayi ne kawai ya motsa shi, kuma abin da ya nema yana hannuna, tun da igiyar ce take sa bijimi ya ɗaga ƙafafun baya ya yi shuri sama, mai ɗaura ta kuma ya san daidai inda kowane bijimi yake son ta. Na ce masa ba ni da ikon yanke wannan hukunci, na je na faɗa wa maigida. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya bayyana mini cewa bijimin da ba ya shuri gudu yake yi a miƙe yana fizgar mahayi gaba zuwa kan ƙahonsa, wanda ya fi tutsu mai tsari haɗari, kuma ko da yaron ya zauna, makin da zai samu ba zai kai shi ko'ina ba, tun da an riga an cinye rabin tun a keji. Ya ƙara da cewa sauran mahayan da suka biya kuɗin shiga sun hau bijimai da cikakken ƙarfinsu, bijimin kuma zai koma gida da mummunan maki a tarihinsa kan laifin da ba nasa ba. Na ɗaura igiyar yadda aka saba. Yaron ya faɗi tun bai kai rabin lokaci ba, ya tashi ya kakkaɓe ƙura, ya zagayo baya ya miƙa wa maigida hannu, ya ce bijimin ya yi kyau kuma yana fatan ƙuri'a ta sake haɗa su.

Saboda wannan lissafi ne doka ta tanadi sake hawa. Idan bijimi ya yi sanyi, ko ya faɗi, ko ya buga mahayi a jikin ƙarfe wajen fita, alƙalai sukan ba mahayin zaɓi: ya riƙe ɗan makin da ya samu, ko ya yar da shi ya hau wani bijimi daban. A nan ma ba a ba shi komai kyauta ba, an dai ba shi abokin karawa na gaskiya.

Na taɓa kwatanta wa mahaifina wannan tsari a waya, shi da ya yi hawan ƙaho a ƙuruciyarsa kuma yana ɗauke da tabonsa a haƙarƙari har yau. Na ce, "Baba, da kun gani da kun yi mamaki, a nan har sa ake ba maki." Ya yi dariya ya ce su a nasu wasan ana riƙe da sa ne da igiyoyi, ta wuya da ta ƙafa, jama'a suna ja, makaɗa suna zuga ɗan wasa har ya faɗa tsakanin ƙahoni ya rungume, kuma kirarin na ɗan wasa ne, shi kuwa sa yawanci mahauta yake nufa. Sannan ya tambaye ni ko ana yanka nasu bayan an gama. Da na ce masa bijimin da ya yi suna yakan tsufa a makiyaya ana barbara da shi, wani ma a haƙa masa kabari a gona, sai ya yi shiru, daga baya ya ce, "To, ka kula da ƙafarka dai, sa bai san maki ba."

Abu na biyu da ya ɗaure mini kai shi ne yadda abokan hamayya suke yi wa juna hidima. Mahayi ba ya iya ɗaure kansa shi kaɗai. Dole wani ya tsaya a kan keji ya ja masa igiya da ƙarfi bayan ya shafa mata ƙaro ya murza ta ta yi danƙo, wani kuma ya riƙe masa rigar kariya ta baya, don kada bijimi ya zabura a cikin keji ya haɗa fuskarsa da ƙarfe. Waɗannan mutane biyu, a mafi yawan lokuta, su ne waɗanda yake takara da su a kan kuɗi ɗaya a daren. Na sha ganin wanda yake kan gaba a maki yana ja wa mutumin da zai iya ture shi igiya, yana kuma faɗa masa gaskiyar halin bijimin, cewa tsalle biyu yake yi ya juya dama, idan ya ji ka karkata sai ya sauya. Na yi ta sauraro da kunnen mai zargi, domin na san halin bijimanmu fiye da kowa a wurin, kuma da wani ya yi wa abokinsa ƙarya a kansu da na gane nan take. Ban taɓa kama ko ɗaya ba. Ba na cewa waliyyai ne, akwai masu girman kai a cikinsu da masu shaye-shaye da masu riƙon gaba, amma ƙarya a kan bijimi tana iya kashe mutum, kuma wanda ya yi ta gobe shi ma zai zauna a keji yana jiran wani ya riƙe masa riga.

A cikin fili kuma akwai masu kare mahaya, yawanci su uku a manyan gasa, waɗanda aikinsu shi ne su shiga tsakanin bijimi da mutumin da ya faɗi. Irin su Frank Newsom da Shorty Gorham sun yi suna a wannan aiki, kuma ba sa tambayar ɗan wace ƙasa ne yake kwance kafin su miƙa jikinsu ga ƙaho. A ganina su ne suka fi kowa adalci a filin, kuma sunansu bai kai na mahaya ba.

Maigidana yakan ce wannan ɗabi'a an saye ta ne da jini, kuma tarihin da ya ba ni ya gaskata shi. A ranar 30 ga Yuli, 1989, a gasar Cheyenne ta jihar Wayomin, Lane Frost, zakaran duniya na 1987, ya gama hawansa ya sauka, bijimin ya juyo ya doke shi da ƙaho a baya, ya karya masa haƙarƙari, ya mutu yana da shekara 25. Abokin tafiyarsa Cody Lambert shi ne ya ƙirƙiro rigar kariyar da kowane mahayi yake sawa yanzu. Shi Lambert ɗin yana cikin mahaya 20 da suka zuba dala 1,000 kowannensu a 1992 suka kafa PBR, domin hawan bijimi ya tsaya da ƙafarsa, mahaya kuma su samu rabon da ya dace da haɗarin da suke ɗauka. Daga baya ƙungiyar ta wajabta hular kwano ga duk wanda aka haifa daga 15 ga Oktoba, 1994, ta bar tsofaffin hannu da zaɓinsu. Duk da haka mutuwa ba ta bar filin ba, domin a Janairun 2019 bijimi ya taka Mason Lowe a ƙirji a birnin Denver, yana sanye da rigarsa, kuma bai tashi ba.

Labarin da aka fi maimaitawa a bayan keji shi ne na Tuff Hedeman da bijimi Bodacious. A gasar ƙarshe ta PBR ta 1995 a Las Vegas, bijimin ya fizgo shi gaba ya ɗago kai ya farfasa masa ƙasusuwan fuska. Makonni kaɗan bayan tiyata, a babbar gasar ƙasa ta Disamba, ƙuri'a ta sake haɗa su, sai Hedeman ya riƙe ƙarfen keji ya bar bijimin ya fita shi kaɗai, ya ɗaga masa hula, jama'a kuma suka miƙe suna tafi. Kafin a tashi daga wannan gasa, bayan Bodacious ya sake raunata wani mahayi, mai shi Sammy Andrews ya janye shi daga hawa har abada, alhali yana kan ganiyarsa kuma yana kawo masa kuɗi. Ba wanda na taɓa ji ya kira Hedeman matsoraci, kuma ba wanda ya kira bijimin mugu. Haka J.B. Mauney, wanda aka san shi da zaɓar bijimin da kowa yake gudu duk lokacin da aka ba mahaya damar zaɓe: ya yi ta faɗuwa a kan wani bijimi mai suna Bushwacker har ya hau shi a Tulsa a watan Agustan 2013 da maki 95.25, bayan bijimin ya zubar da mahaya 42 a jere. Da wani bijimi mai suna Arctic Assassin ya karya masa wuya a 2023 ya kawo ƙarshen sana'arsa, Mauney ya ɗauko shi ya kawo gonarsa domin ya ƙare rayuwarsa a can yana kiwo.

Game da su bijiman, zan faɗi abin da hannuna ya taɓa. Igiyar kwiɓi mai laushi ce, kuma ba a ɗaura ta a kan al'aurar dabba kamar yadda ake yaɗawa, domin bijimin da yake jin zafi ba ya tsalle, tsayawa yake yi ko ya kwanta. Ƙaimin mahaya dakusasshe ne, fatar bijimi kuma ta fi ta mutum kauri nesa ba kusa ba. Tutsu gado ne da ake kiwo dominsa, har akwai rajistar zuri'a da ake tabbatarwa da gwajin ƙwayar halitta, kuma ɗan maraƙin da ba shi da shi ba abin da zai sa ya yi. Amma ba zan ce babu abin dubawa ba. Doguwar tafiya a mota tana gajiyar da dabba, hayaniya da wutar wasa suna firgita wasu, ƙafa tana karyewa wani lokaci, kuma na ga masu bijimai marasa haƙuri a ƙananan gasa inda ba likitan dabbobi a kusa. Masu kare haƙƙin dabbobi da suke zanga-zanga a ƙofar filin suna faɗin wasu abubuwa da ba haka suke ba, suna kuma faɗin wasu da ya kamata a saurara.

Inda adalcin wasan yake da rauni a wurin alƙalai ne, domin maki ra'ayin mutum ne, agogo kaɗai ne ba ya son kai. Ni baƙar fata ne, saboda haka ba a daɗe ba wani tsoho ya ba ni labarin Myrtis Dightman, mutumin Crockett a Teksas, wanda ya kai gasar ƙarshe ta ƙasa sau da yawa tun daga shekarun 1960 amma bai taɓa cin kambu ba, kuma da yawa daga waɗanda suka yi zamani da shi sun yarda cewa alƙalai suna rage masa maki saboda launin fatarsa. Sai a 1982 Charles Sampson, wanda ya ɗauki Dightman a matsayin uban gida a sana'ar, ya zama baƙar fata na farko da ya ci kambun duniya a hawan bijimi. A zamanin da nake can, zancen ya koma kan 'yan Barazil. Zakaran PBR na farko a 1994, Adriano Moraes, ɗan Barazil ne, kuma bayansa matasa da yawa sun biyo, akasarinsu 'ya'yan talakawan karkara, suka tare a garin Decatur da ke arewacin Fort Worth. Sun iya hawa ƙwarai, ba su iya Turanci sosai ba, kuma akwai 'yan kallon da ba su ji daɗin ganin baƙi suna kwashe kuɗin wasan da suke ɗauka gadon kakanninsu ba.

Silvano Alves ne ya fi shan wannan zafi. Ya ci kambu a 2011 da 2012 da 2014, kuma dabararsa ita ce ya riƙe ƙaramin maki ya ƙi karɓar sake hawa, domin kowane hawa ƙarin haɗari ne, tsarin lissafin lokacin kuma yana saka wa wanda ya tara maki a tsawon shekara. Ana ta sukarsa cewa ba haka kaboyi yake yi ba. A 2015 aka sauya tsarin lissafin ya koma fifita cin zagaye da cin gasa, kuma 'yan Barazil ɗin da nake hira da su sun ɗauka cewa dominsa aka yi. Ra'ayina a nan ya rabu biyu, kuma ban ga dalilin haɗe shi ba. Sabon tsarin ya fi dacewa da ruhin wasan, tun da yana tura mahayi ya nemi bijimi mai wuya. Amma Alves bai karya doka ko ɗaya ba, zaɓin da doka ta ba shi ya yi amfani da shi, da jikinsa da iyalinsa a zuciya, kuma mutanen da suke zaune a kujera da abin sha a hannu ba su da bakin kiran mai kambu uku rago.

Akwai kuma batun agogon keji. Idan alƙali ya ga mahayi yana jan lokaci, yana da ikon kunna masa agogo, idan ya ƙare bai gyaɗa kai ba an soke hawansa. Dokar tana da hujja, domin bijimin da ya daɗe a keji yana gajiya ko ya ji wa kansa rauni, kuma ni mai bijimi ina son ta. Matsalar ita ce alƙali ne yake yanke wa ya yi jinkiri da gangan, wa kuma bijimi ne ya hana shi zama. A wata ƙaramar gasa na ga an kunna wa wani yaro ɗan Barazil agogo alhali bijiminmu ya jingina ya matse masa ƙafa a jikin ƙarfe, yaron yana ta bayani da harshen Fotugal ba mai fahimta. Wani Ba'amurke da yake gaba da shi a maki ya haye kejin, ya sa ƙafa ya ture bijimin ya miƙe, ya yi wa alƙalin tsawa cewa ya dubi ƙafar yaron. An tsayar da agogon, yaron ya fita ya cika daƙiƙa 8, ya kuma wuce wanda ya taimake shi a maki. A daren nan na ga an ba wani ɗan gari lokacin da ya fi wannan tsawo ba tare da an kunna masa komai ba.

A manyan gasa an rage irin wannan da na'urar sake kallo. Mahayin da bai yarda da hukunci ba yana da ɗan taƙaitaccen lokaci ya danna maɓalli a sake duba hoton, idan bai yi gaskiya ba ya biya tara. Wannan yana warware ko hannu ya taɓa, ko igiya ta kuɓuce kafin ƙararrawa, amma ba ya warware ko hawan ya cancanci 86 ko 89, kuma a wasan da zakaran shekara yake karɓar kyautar dala miliyan 1, rabin maki yana iya raba mutum da arzikin rayuwarsa.

Na dawo gida na ci gaba da bin gasar ta intanet, kuma ina kallo a 2021 lokacin da José Vitor Leme, ɗan Barazil, ya hau Woopaa a gasar ƙarshe aka ba shi 98.75, maki mafi yawa a tarihin PBR, alƙalai suka ba shi cikakken 50 nasa, bijimin ya samu 48.75. Wasu abokaina na can sun rubuto mini cewa wannan ya rufe bakin masu zargin son kai. Na amsa musu cewa hawa irin wannan ko makaho ya san ya yi kyau, kuma ba a kansa ake gwada alƙali ba. Ana gwada shi ne a ƙaramar gasa ta daren Asabar, inda babu na'urar sake kallo, a kan yaron da ba wanda ya san sunansa kuma ba ya jin abin da ake faɗa masa, kuma a irin waɗannan wurare na ga an yi daidai, na kuma ga an yi akasinsa.